Ƙananan zukatan da ke cikin ƙafarka: tambayoyi da amsoshi kan yadda jijiyoyin limfa ke bugawa

Na daɗe ina koyar da darasin aikin sassan jiki ga ɗaliban kiwon lafiya a nan Gombe, kuma duk shekara idan muka iso babin limfa sai aji ya yi tsit. Zuciya kowa ya san ta, kowa ya taɓa ɗora hannu a ƙirji ya ji ta. Amma ka ce wa mutum akwai wasu siraran jijiyoyi a ƙafarsa da ke matsewa suna saki da kansu dare da rana, sai ya dube ka kamar kana ba shi tatsuniya. Tambayoyin nan wasu daga aji suka fito, wasu daga majalisa bayan la'asar, wasu kuma daga bakin waɗanda ke jinyar ɗan'uwa mai kumburin ƙafa.

Wai shin mene ne limfa, daga ina kuma yake fitowa?

Daga jini yake fitowa. Ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi silin gashi siranta, suna tsattsafo kamar sabuwar randa. Ruwa da gishiri da ɗan furotin suna fita daga cikinsu zuwa tsakanin nama. Wanda ya taɓa ƙonewa ya yi bororo ya ga irin ruwan nan, garau mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. A jikin baligi kimanin lita 8 ke tsattsafowa a kwana guda, alhali ruwan da ke cikin jininsa gaba ɗaya bai wuce lita 3 ba. Da babu hanyar mayar da shi, da mutum bai kai gobe ba.

Hanyar ita ce jijiyoyin limfa. Suna farawa a cikin nama da rufaffen baki kamar yatsan safa, da wasu 'yan leɓɓa a jikinsu da ke buɗewa ciki idan ruwa ya taru a waje. Da zarar ruwan ya shiga, sunansa limfa. Daga nan sai ya bi ta kaluluwa, waɗannan 'yan ƙululun na matsematsi da hammata da wuya da ke tashi idan mutum ya ji ciwo. A can ake tace shi, kusan rabinsa ya koma jini tun daga nan, sauran ya haura ta babbar jijiyar limfa da ke bin gefen ƙashin baya ya zuba a jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Na hannun dama da ɓarin dama na kai da ƙirji yana da tasa 'yar gajeriyar mashiga ta dama.

Maiƙon abinci ma ta nan yake bi. A 1622 wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga fararen zare sun bazu a jikin hanji, da ya huda ɗaya sai wani abu kamar madara ya fito. A 1651 Jean Pecquet na Faransa ya bi sawun wannan ruwa har inda yake zuba a jini.

Jini yana da zuciya da ke tura shi. To shi limfa wa ke tura shi?

Ɗauki karan rake ka duba, gaɓa bayan gaɓa. Haka manyan jijiyoyin limfa suke. A ƙarshen kowace gaɓa akwai bawul mai leɓe biyu, yana buɗewa gaba, ba ya buɗewa baya. Jikin gaɓar kuma naɗe yake da siririyar tsoka. Idan ruwa ya cika ta sai tsokar ta matse, bawul ɗin baya ya rufe, na gaba ya buɗe, ruwan ya tsallaka gaɓa ta gaba. Sai ta saki, ta sake cika. Duk yaron da ya taɓa buga famfon tuƙa-tuƙa ya san wannan aiki: ba ƙarfin hannu kaɗai ke kawo ruwa sama ba, in bawul ɗin ƙasa ya lalace sai ka yi ta bugu ruwan na komawa rijiya. Hans Mislin ne a 1961 ya ba wannan gaɓa sunanta na ilimi, limfanjiyon, ya kuma kwatanta ta da ƙaramar zuciya.

Abin lura shi ne limfa hawa yake yi. Yana tashi daga wurin da matsin ruwa ya yi ƙasa ƙwarai zuwa jijiyar jini inda matsi ya fi yawa, kuma idan kana tsaye daga idon sawu zai tashi har wuya. Babu gaɓar da za ta iya wannan ita kaɗai. Kowace ƙara ɗan matsi take yi ta miƙa wa ta gaba, kamar leburori ranar zuba dakin na bene, kwanon kankare na tafiya hannu zuwa hannu har ya kai sama.

Akwai taimako daga waje: tsokar sharaɓa idan kana tafiya, numfashi, bugun jijiyar jini da ke maƙwabtaka, motsin hanji. Duk suna matsa jijiyar, bawul kuma ya mai da matsin ya zama tafiya gaba. Amma mutumin da ke kwance yana barci bugun jijiyar kanta ne ke ɗauke da yawancin aikin a ƙafarsa. A 1980 Waldemar Olszewski da Arnfinn Engeset sun sa siririn bututu a jijiyar limfa ta ƙafar mutane masu lafiya, suka auna, suka ga matsin na tashi yana sauka sau kaɗan a kowane minti ko da ƙafar ba ta motsi.

Kwaɗin da ke cika mana kunne da damina su nasu tsarin daban ne. Suna da zukatan limfa na sosai, masu bugawa a ƙarƙashin fatar baya. Mu kuwa an rarraba mana aikin a kan dubban gaɓoɓi.

Malam, wa ke ba gaɓar umarnin matsewa? Ƙwaƙwalwa ce?

A'a. Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin amsarta na nuna irin hikimar da ke cikin halitta. Idan aka yanko guntun jijiyar limfa daga ɓera ko saniya, aka sa shi a ruwan gishiri mai ɗumin jiki, aka ɗan cika shi, zai ci gaba da bugawa awanni. Babu ƙwaƙwalwa a wurin, babu zuciya. Agogon yana cikin bangon jijiyar.

Ga yadda yake tafiya. Kowace ƙwayar tsoka kamar ƙaramin batir take, cikinta na da cajin lantarki ƙasa da na wajenta. A cikinta kuma akwai rumbun wani sinadari mai suna kalsiyam. Lokaci-lokaci rumbun yakan saki ɗan kalsiyam kaɗan. Wannan ɗan kalsiyam sai ya buɗe wata ƙofa a fatar ƙwayar mai suna Ano1, sinadarin kuloraid ya fita ta nan, cajin ciki ya ɗan ɗaga. Ɗaya bai isa komai ba. Amma suna ta zuwa suna taruwa, kamar ɗigon ruwan indararo a bokiti, har cajin ya kai wani mizani. Da ya kai, sai manyan ƙofofin kalsiyam, waɗanda ake kira nau'in L, su buɗe gaba ɗaya, kalsiyam ya kwararo daga waje, zaren tsokar su kama juna su ja, gaɓar ta tsuke. Daga nan ƙofofin fotasiyam su buɗe, caji ya koma ƙasa, a kwashe kalsiyam a mayar rumbu, tsoka ta saki. Bokiti ya koma fanko, ɗigo ya sake farawa.

Dirk van Helden na Ostireliya ne ya fara naɗar waɗannan ƙananan ɗige-ɗigen lantarki a 1993. A 2019 masu bincike a Jami'ar Missouri ta Amurka suka cire Ano1 daga tsokar limfa ta ɓeraye, sai bugun ya yi nawa ƙwarai, kuma ko an ƙara wa jijiyar ruwa ba ta ƙara sauri kamar yadda ta saba.

Ita kanta tsokar tana da ban sha'awa. Tana da zare irin na tsokar jijiyar jini, wanda ke riƙe matsi a hankali ya daɗe, tana kuma da wasu irin na tsokar zuciya, masu fizga da sauri. Shi ya sa take iya ayyuka biyu: ta daidaita faɗin hanya, ta kuma buga.

Gaɓoɓi dubbai, kowace da agogonta. Ta yaya ba sa cin karo da juna?

Wanda ya tashi a gidan yawa ya san lugude. Mata uku ko huɗu a turmi ɗaya, taɓare na sauka ɗaya bayan ɗaya, babu mai ƙirga musu, babu mai cewa ke ce yanzu. Kowace tana jin ta kusa da ita, wadda hannunta ya fi zafi ita ke jan sauran. Jijiyar limfa ma haka take.

Ƙwayoyin tsokar a manne suke da juna ta wasu ƙananan kafofi da aka gina da furotin mai suna koneksin 45. Idan ƙwaya ɗaya ta kai mizani ta tashi, lantarkin sai ya ratsa kafar ya tayar da maƙwabciya, ita ma ta tayar da ta gaba. A jijiyar ɓera wannan igiyar lantarki na gudun kusan santimita 1 a daƙiƙa, ta tsallake bawul ta kama gaɓoɓi da dama a jere. Wurare da yawa na iya fara bugun, amma wanda ya fi sauri shi ke shan gaba, don kafin sauran su cika bokitinsu igiyarsa ta iso ta kifar musu. A 2018 aka nuna cewa ɓeran da aka cire wa koneksin 45 daga wannan tsoka jijiyarsa na motsi, amma kowane yanki nasa yake yi, igiyar ba ta zuwa ko'ina.

Ɗalibai sukan yi mamaki idan na ce igiyar wani lokaci baya take tafiya, daga sama zuwa ƙasa. Ruwan dai gaba yake yi. Tsoka matsawa kawai ta sani, bawul ne ke da alƙibla.

Akwai kuma wata magana da gaɓoɓin ke yi da juna ba ta lantarki ba. Idan ta baya ta juye ruwanta a ta gaba, ta gaban ta kumbura, bangonta ya miƙe, miƙewar kuwa na gaggauta agogonta. Ta haka saƙon ke tsallake wuraren da igiyar lantarki ta mutu, kamar mahaɗar rassa.

Saurin bugun ɗaya ne kullum?

Yana bin aikin da ke gabansa. Ruwa ya ƙaru, jijiya ta miƙe, bugu ya ƙara sauri da ƙarfi, har zuwa wani iyaka. In cikar ta wuce kima ƙarfin bugun raguwa yake yi, kamar robar da aka ja ta saki.

Akwai kuma birki. Idan ruwa na gudu da kansa, misali ka ɗaga ƙafa sama da ƙirji, shimfiɗar cikin jijiyar na jin gogar ruwan sai ta saki iskar naitirik oksaid, tsoka ta sassauta, jijiya ta buɗe ta zama bututu kawai. Manomin rani a Dadin Kowa ba ya tayar da injin ban-ruwa inda ruwa ke gangarowa da kansa, buɗe masa hanya yake yi. Jijiyoyin saƙo masu tashi lokacin firgita ko zubar jini suna ƙara saurin bugun. Kumburin ciwo mai daɗewa, ƙiba mai yawa da tsufa kuwa suna raunana shi.

Duk sanda na hau mota daga Gombe zuwa Abuja sai takalmi ya ƙi shiga. Ciwo ne?

Galibi ba ciwo ba ne, Alhaji. Ƙafa a rataye ba motsi, jini na taruwa a ƙasa. Mutumin da ke tsaye cik matsin jijiyar jini a idon sawunsa na kai wa kusan 90 a ma'aunin da ake gwada hawan jini, da ya fara tafiya sai ya sauko ƙasa da 30. Matsi ya yi yawa, tsattsafo ya ƙaru, sharaɓa kuma ba ta taya jijiyoyin limfa aiki. Shi ne abin da ke samun alhazai a jirgi, da mai shago da ke wuni kan benci. Telan da ke taka keke da ƙafa ya fi mai keken lantarki sa'a ta wannan fuska.

Kana zaune ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, kana juya idon sawu. In direba ya tsaya salla ko cin abinci, sauka ka taka. In ka isa, kwanta ka ɗora ƙafa kan matashi.

Amma a kula. Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi bayan doguwar tafiya, yana iya zama gudan jini, a je asibiti a ranar. Ƙafa biyu da haki ko kumburin fuska da safe, a duba zuciya da ƙoda da hanta. Mai juna biyu da fuskarta da hannunta suka kumbura ga ciwon kai, a gwada jininta ba tare da jinkiri ba.

Tun da aka ɗora Hajiyarmu kan maganin hawan jini ƙafarta ke kumbura. Akwai alaƙa?

In amlodipine ne ko nifedipine, akwai. Aikinsu toshe ƙofofin kalsiyam nau'in L ne don jijiyar jini ta saki, sakinta kuwa na ƙara tsattsafo a ƙafa. Irin ƙofar ce kuma tsokar limfa ke bugu da ita, kuma a ɗakin gwaji waɗannan magunguna na raunana bugun. Kada Hajiya ta daina sha da kanta. A koma wurin likita, zai rage ko ya canza.

Tundurmi fa? A ƙauyenmu cewa ake jifa ne, ko an taka wani abu.

Na san wannan magana, kuma tana ci mini rai, domin na ga abin da take jawowa. Wata baiwar Allah da aka taɓa kawowa daga wani ƙauye, ƙafarta ta hagu ta kai turmi, fatar ta yi kaushi ta ninke a idon sawu, duk jikinta tabon tsaga ne, sabo a kan tsoho. Ta ja zane tana rufewa. Ƙaninta ya ce mini, "Malam, babu inda ba mu je ba, akuyoyinta duk sun ƙare." Na tambaye ta yaushe rabonta da zuwa biki ko suna. Ta sunkuyar da kai ta ce ta manta.

Tsutsa ce, sunanta Wuchereria bancrofti, sauro ke ɗauko ta, kuma a ƙauyukanmu irin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ne. Patrick Manson ya gano hannun sauro a ciki tun 1877 a ƙasar Sin. Yawanci tun yarinta ake kamuwa. Tsutsar na girma ta yi sheƙa a cikin jijiyar limfa, ta rayu shekara 6 zuwa 8, tana zuba 'ya'ya a jini. 'Ya'yan da dare suke fitowa, lokacin cizon sauro, shi ya sa ake ɗibar jinin gwaji tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2.

Duk bayanin da na yi a sama a nan yake amfani. Inda tsutsar ta zauna jijiya buɗewa take yi ta yi faɗi. Da ta yi faɗi, leɓɓan bawul ba sa haɗuwa, ruwa ya riƙa komawa baya. Gaɓar ƙasa ta cika fiye da kima, tsokarta ta ja ta saki, bugu ya raunana. Ruwa mai furotin ya kwanta a ƙafa. Wannan ruwa kuwa gona ce ga ƙwayoyin cuta: 'yar tsaga tsakanin yatsu ta isa su shiga, sai masassara da rawar ɗari, ƙafa ta yi ja ta yi zafi, kaluluwa ta tashi. Kowane tashi irin wannan yana ƙone wasu gaɓoɓin da suka rage, ya ƙara wa fata kauri. A wurin maza kuma cutar na sauka a maraina ta zama gwaiwa.

Ba kowane tundurmi ne na tsutsa ba. A tsaunukan Habasha da Kamaru akwai wanda jar ƙasa ke jawo wa masu noma ba takalmi. Akwai wanda ake haihuwar mutum da shi saboda bawul ɗin bai ginu daidai ba. Matan da aka cire wa kaluluwar hammata a aikin kansar mama su ma hannunsu kan kumbura.

Maganin da ake rabawa gida-gida yana saukar da kumburin?

Ba ya saukarwa, kuma gara a faɗi gaskiya tun farko don kada mutane su yanke ƙauna su daina karɓa. Mectizan da albendazole 'ya'yan tsutsar suke kashewa a jini, don sauro ya ciji mutum ya tashi ba komai. Kariya ce ga yaran gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wannan shiri a 2000, kuma a 2017 aka bayyana cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da cutar daga zama barazana ga jama'a, bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro. Gwaiwa kuwa aikin tiyata ne, kuma ana warkewa.

To wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura, me ya rage masa?

Gaɓoɓin da ba su mutu ba, su za a yi wa gata. A wanke ƙafar kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, a bi kowane ninki, a bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a tsane da tsumma mai laushi har ta bushe sarai. Duk ƙaramin rauni a sa masa magani. A sa takalmi mai faɗi. A riƙa motsa yatsu da idon sawu ko ana zaune ana tsince shinkafa, da dare a ɗaga ƙafar gado ko a sa matashi. Tausa tana taimakawa in mai laushi ce, kamar shafa, daga ƙasa zuwa sama, domin jijiyoyin a ƙarƙashin fata suke, murza da ƙarfi ɓarna yake yi. Inda akwai ma'aikacin da ya iya naɗa bandeji, naɗin na ba jijiya bangon jingina.

Tsaga da ƙaho a bar su. Ina girmama wanzamanmu, amma kowace aska a irin wannan ƙafa ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Ƙwayar sa fitsari ma ba ta fitar da wannan ruwa.

Ranar da masassara ta taso ƙafa ta yi ja, a dakatar da motsa jiki da tausa, a cire bandeji, a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a ɗora, a sha ruwa sosai, a sha farasitamol. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a fasa bororo. A kai mai ciwon asibiti mafi kusa don a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, in kuwa mai juna biyu ce, ko akwai amai ko ruɗewa, kada a jira gari ya waye.